Ma'aunin Bayes ya ce B, LOO ya ce C: wane tsari zan ɗauka?

"Malam, barka da aiki. Ina rubuta kundin digirina na biyu, kuma ina da bayanan mutum 420, kowanne da adadin zuwansa asibiti a cikin shekara guda. Na gwada tsarin lissafi uku ta hanyar Bayes a manhajar brms. Tsarin A na Poisson ne, da shekaru da jinsi. Tsarin B negatif binomiyal ne, shi ma da shekaru da jinsi. Tsarin C shi ne B da ƙarin shan taba. Don kada in cusa ra'ayina, na ba kowane tasiri zaton farko mai faɗi sosai, rabon Gauss mai matsakaici 0 da faɗi 100. Tsarin A ya sha kaye ta kowace hanya. Amma ma'aunin Bayes ya ce B ya fi C sau 11, LOO kuwa ya ce C ya fi B da 3.5, kuskuren ƙiyasinsa 3.0. Tasirin shan taba a C ya fito 0.30, kuskurensa 0.10. Da wanne zan yarda? Ko na yi kuskure a lissafi ne?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ba ki yi kuskure a lissafi ba, alƙaluman da kika kawo sun yi daidai da juna, kuma zan nuna miki yadda kowanne ya fito. Abin da kike tambaya shi ne me ya sa hanyoyi biyu, dukansu na Bayes, a kan bayanai iri ɗaya, suka raba gari. Dalilin shi ne ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ma'aunin Bayes yana auna hasashen da tsari ya yi tun kafin ya ga bayanai, da zaton farkon da kika ɗora masa, wato abin da kika ɗauka game da girman kowane tasiri kafin a duba bayanan. LOO, wato gwajin cire ɗaya, yana auna hasashen da tsari yake yi bayan ya koyi darasi daga kusan dukkan bayanan. Wannan faɗin 100 da kika sa da niyyar kame bakinki, shi ne ya yi magana da ƙarfi fiye da bayanan a ma'auni na farko, a na biyu kuwa kusan ba a ji muryarsa ba.

Abin da ma'aunin Bayes yake aunawa

Ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Thomas Bayes, wadda Richard Price ya fitar a 1763 bayan rasuwar mai ita, ba ta tsaya a kan faramita kaɗai ba, wato lambobin da tsari ke ƙiyastawa, irin tasirin shan taba. Ana iya ɗora ta a kan tsarin gaba ɗaya, kuma Harold Jeffreys ne ya shimfiɗa wannan aiki a littafinsa na 1939. Kowane tsari ana lissafa masa abin da ake kira hujjarsa: a ɗauki kowace ƙima da zaton farko ya yarda faramita ta kasance, a duba yiwuwar da wannan ƙimar ta ba bayanan da aka gani, sannan a fitar da matsakaicinsu gwargwadon nauyin da zaton farko ya ba kowacce. Ki lura, matsakaici aka ce, ba mafi kyawun ƙima ba. Idan aka raba hujjar tsari ɗaya da ta ɗayan, abin da ya fito shi ne ma'aunin Bayes.

Ga ƙaramin misali da za ki iya bi da alƙalami. An ba mutum 100 zaɓi tsakanin abu biyu, 61 suka ɗauki na farko. Tsari na ɗaya ya ce babu fifiko, yiwuwar rabi da rabi ce. Shi ya ba sakamakon 61 yiwuwar 0.0071. Tsari na biyu ya ce yiwuwar tana iya zama komai daga 0 zuwa 1, babu ƙimar da ta fi wata. Irin wannan tsari yana raba yiwuwarsa daidai wa daida a kan sakamako 101, daga babu ko mutum ɗaya har mutum 100, saboda haka 61 ya samu 0.0099. Ma'aunin Bayes ya zama 1.4 kacal, alhali gwajin da aka saba zai ba da ƙimar p wajen 0.035, har a yi shelar an gano bambanci. Me ya rage wa tsari na biyu ƙarfi? Ya ɓarnatar da yiwuwarsa a kan sakamako irin su 3 da 98, waɗanda ba su faru ba. Da tun farko an ce fifikon, in ma akwai shi, ba zai yi nisa da rabi ba, aka yi amfani da rabon Beta mai 20 da 20, ma'aunin zai tashi ya kai wajen 3. Bayanai ba su canza ba, zaton farko kawai aka taɓa.

Wannan hali shi ne alherin ma'aunin Bayes, shi ne kuma haɗarinsa. Alherinsa, yana hukunta tsarin da ke iya bayyana komai ba tare da an ƙara masa wani hukunci daga waje ba, domin yiwuwar da kowane tsari yake da ita jimillarta 1 ce, wanda ya baza ta ko'ina dole rabon kowane wuri ya ƙanƙance. Haɗarinsa, girman hukuncin yana hannun wanda ya rubuta zaton farko.

Yanzu mu koma kan naki. Tsarinki yana aiki ne a kan logaridim, don haka tasirin 0.30 yana nufin mai shan taba yana zuwa asibiti sau 1.35 na wanda ba ya sha, ƙarin kashi 35 cikin 100. Faɗin 100 a kan wannan sikeli yana cewa ba abin mamaki ba ne tasirin ya kai 100, wato mai shan taba ya ninka wanda ba ya sha da lamba mai alƙaluma 44. Babu likitan da zai yarda da haka, ke ma ba ki yarda ba, amma abin da kika sa tsarin C ya rantse a kai ke nan. Kusan dukkan yiwuwarsa ta tafi wuraren da ba za su taɓa faruwa ba, ɗan abin da ya rage kusa da 0.30 bai taka kara ya karya ba.

Idan aka ɗauka ƙiyasin tasirin yana bin rabon Gauss, wanda da mutum 420 ba zai yi nisa da gaskiya ba, ana iya lissafa ma'aunin da hannu. Da faɗi 100, ma'aunin C a kan B shi ne 0.09, wato B ya fi sau 11, daidai abin da kika samu. Da faɗi 10 ya zama 0.9, kunnen doki. Da faɗi 1, C ne ya fi sau 8.6. Da faɗi 0.5, C ya fi wajen sau 15. A duk waɗannan, ƙiyasin tasirin kansa bai motsa sosai ba, yana tsakanin 0.29 da 0.30. Shi ya sa mutane da yawa suke faɗawa wannan rami: sun saba ganin zaton farko mai faɗi ba ya cutar da ƙiyasi, sai su ɗauka ba zai cutar da zaɓen tsari ba. Dennis Lindley da Maurice Bartlett sun bayyana wannan matsala tun 1957, kuma duk lokacin da kika ninka faɗin sau 10 a yankin da ya riga ya yi yawa, kin rage wa babban tsari hujja sau 10. Da haka za ki iya sa B ya yi nasara da duk ratar da kike so, wanda ya isa ya nuna miki cewa 11 ɗin nan ba daga bayananki ta fito ba.

Mafi muni shi ne zaton farko shimfiɗaɗɗe marar iyaka, wanda brms ke ba tasirai idan ba a saka komai ba. Da irinsa ma'aunin Bayes ba shi da ƙima kwata-kwata.

Idan kina son ma'aunin ya yi ma'ana, sai ki zauna ki rubuta abin da masana fannin za su yarda da shi kafin ganin bayananki. Faɗi 0.5 yana cewa, da yiwuwar kashi 95 cikin 100, shan taba bai rage zuwa asibiti ƙasa da sau 0.37 ba, bai kuma ninka shi fiye da sau 2.7 ba. Wannan magana ce da za a iya karewa a gaban masu jarrabawa. Abin da bai halatta ba shi ne ki ga 0.30 tukuna, sannan ki ɗora zaton farko a kansa, domin kin yi amfani da bayanai sau biyu ke nan. Ni a aikina nakan kawo ma'aunin da faɗi uku ko huɗu masu ma'ana a jere, in bar mai karatu ya ga ko hukuncin ya tsaya ko ya juya. Don fassara, Robert Kass da Adrian Raftery sun ba da mataki a 1995: daga 1 zuwa 3 bai kai a ambata ba, 3 zuwa 20 hujja ce, 20 zuwa 150 hujja mai ƙarfi, sama da 150 mai ƙarfi ƙwarai. Ki tuna kuma ma'aunin ba shi ne yiwuwar tsari ba. Idan tun farko kin ba B da C rabi da rabi, ma'auni 15 zai kai C zuwa 0.94. Wanda ya fara da shakka, ya ba C ɗaya bisa goma kawai, zai tsaya a wajen 0.63.

Abin da LOO yake aunawa

LOO gwajin cire ɗaya ne. A ajiye mutum ɗaya gefe, a koyar da tsarin da sauran 419, sannan a tambaye shi yiwuwar da ya ba ainihin adadin zuwan wancan da aka ajiye. A yi haka ga kowa, a ɗauki logaridim, a tara. Jimillar ita ce lambar da kike gani a allo da sunan elpd, kuma wanda tasa ta fi girma ya fi iya hasashe. Kamar ɗalibi ne da ake son a gane ko ya fahimci darasi ko hadda ya yi: ba za a yi masa tambayar da ya riga ya ga amsarta ba. Da yake mutum 419 sun riga sun ja tasirin shan taba zuwa wajen 0.30, ko faɗin farko 1 ne ko 100, hasashen da za a yi wa na 420 kusan ɗaya ne. Nan ne bambancin hanyoyin biyu yake. Hujjar tsari ma ana iya kallonta a matsayin jerin hasashe, na mutum na farko ba tare da an ga kowa ba, na biyu bayan an ga ɗaya, haka har ƙarshe. Asarar da C ya tafka a hasashen farko-farko, lokacin da bai san komai ba sai faɗin 100, ita ce ke binsa har ƙarshen lissafi. LOO bai haɗa da wannan zangon ba.

Ratarki ta 3.5 ma ana iya hango ta. Ƙiyasi 0.30 a raba da kuskure 0.10 ya ba da 3. Ribar dacewa da bayanai ita ce rabin 3 sau 3, wato 4.5, a cire kusan 1 saboda ƙarin faramita guda, saura 3.5. Wannan shi ne lissafin AIC, ma'aunin zaɓen tsari na Hirotugu Akaike, kuma Mervyn Stone ya nuna a 1977 cewa AIC da cire ɗaya suna haɗuwa idan bayanai suka yi yawa. BIC, wani ma'aunin zaɓen tsari na Gideon Schwarz, na 1978, yana bin ɓangaren ma'aunin Bayes ne: 9 a cire logaridim na 420, wato 6.04, saura kusan 3, abin da ya yi daidai da ma'auni wajen 4.4 ga C. BIC yana ɗauke da nasa zaton farkon a ɓoye, mai nauyin bayanin mutum ɗaya, wanda a naki ya zo kusan faɗi 2. Saboda haka ko shi bai goyi bayan B ba.

To amma kada ki ɗauki 3.5 a matsayin nasara. Kuskurenta 3.0 ne, ratar ba ta kai ninki biyu na kuskuren ba, kuma masu manhajar loo suna ba da shawarar a ɗauki ratar da ba ta kai 4 ba a matsayin ƙarama. Abin da LOO ya ce shi ne wajen hasashen zuwan mutum guda, B da C sun yi kusa, C ya ɗan fi. Wannan bai ci karo da samuwar tasiri ba. A negatif binomiyal bambancin mutum da mutum yana da girma, wani bai je ko sau ɗaya ba, wani ya je sau 20, don haka ƙarin kashi 35 cikin 100 a matsakaici ba ya gyara hasashen mutum ɗaya sosai, ko da yake a kan jama'a masu yawa abu ne babba. LOO ba shi da kaifi wajen gano ƙaramin tasiri tsakanin tsari biyu da ɗaya ke cikin ɗaya, kuma kuskuren ƙiyasin nasa ba abin dogaro ba ne idan mutanen ba su kai 100 ba ko tsare-tsaren sun yi kama da juna ƙwarai.

Kafin ki yarda da kowace lamba

Abu na farko da nake dubawa, kuma shi ne ya fi yawan ɓata aiki, shi ne ko tsare-tsaren sun ga mutane iri ɗaya. Idan wasu ba su amsa tambayar shan taba ba, brms zai zubar da layukansu a C, ya bar su a B. Sai B ya zama an auna shi a kan mutum 420, C a kan ƙasa da haka, kuma kowane mutum da aka rage yana ɗaga jimillar tsarin da aka rage masa. Manhajar loo takan ƙi kwatanta su idan adadin ya bambanta, amma lissafin hujja ba lallai ya tsaya ba. Ki tace bayanan sau ɗaya, ki ba dukkan tsare-tsaren abu guda. Haka nan abin da ake hasashe ya zama a sikeli ɗaya. Tsarin da ya ɗauki logaridim na adadin da wanda ya ɗauki adadin kai tsaye ba a kwatanta jimillarsu sai an yi gyaran sauya sikeli.

Na biyu, sarƙoƙin MCMC, wato jerin ƙimomin faramita da manhajar ke ɗiba don yin ƙiyasi, su zauna lafiya. A ƙalla sarƙa huɗu, R-hat, mai nuna ko sarƙoƙin sun yarda da juna, ƙasa da 1.01, babu gargaɗin kaucewa. Tsarin da bai zauna ba, duk abin da aka gina a kansa banza ne.

Na uku ya shafi LOO. Ba a sake koyar da tsarin sau 420 a zahiri. Hanyar PSIS da Aki Vehtari, Andrew Gelman da Jonah Gabry suka bayyana a 2017 tana sake auna ɗibar da aka riga aka yi ne, ta ba kowane mutum wata lamba, k ta Pareto, mai nuna ko dabarar ta yi aiki a kansa. Idan k ta wuce 0.7, ƙiyasin wannan mutumin ba abin yarda ba ne, galibi saboda shi kaɗai yana jan tsarin da ƙarfi. Idan kaɗan ne, ki sa reloo ya sake koyar da tsarin a kansu, ko ki gwada daidaita ɗibar da moment_match. Idan suna da yawa, ki koma raba bayanan kashi 10 da kfold. Ki je ki kalli waɗannan mutanen da idonki, sau da yawa a nan ake gano wanda aka rubuta wa 52 maimakon 5, ko mai ciwon da ke kai shi asibiti kowane mako. Ki duba p_loo ma, wato ƙiyasin yawan faramitar da tsarin ke aiki da su a zahiri. B yana da faramita huɗu, C biyar, don haka p_loo ya kamata ya zauna kusa da haka. A tsarin A za ki iya ganin ya ninka adadin faramitarsa sau da yawa, alamar tsarin bai dace da bayanan ba, domin Poisson ya tilasta bazuwa ta yi daidai da matsakaici, zuwa asibiti kuwa ba ya bin wannan doka. WAIC na Sumio Watanabe, na 2010, abu ɗaya yake ƙiyastawa da LOO, sai dai ba shi da gargaɗi mai kyau irin k, shi ya sa na fi son LOO. Wani ma'aunin, DIC na 2002, ya tsufa, ba na ba da shawararsa.

Idan mutanenki sun fito daga asibitoci ko unguwanni daban-daban kuma kina son hasashe ga sabon wuri, cire mutum ɗaya zai yi wa tsarin sauƙi fiye da kima, sai a cire rukuni guda gaba ɗaya. Bayanan da ke bin lokaci kuma ana ajiye na gaba ne a yi hasashensu da na baya.

Na huɗu ya shafi lissafin hujja, wanda ya fi na LOO wuya nesa ba kusa ba. Akwai tsohuwar dabara ta 1994 da ke juya yiwuwar kowace ɗiba, ta ɗauki matsakaici, ta sake juyawa. Tana da sauƙin rubutawa, amma ki guje ta, domin 'yan ɗiba kaɗan marasa dacewa ne ke riƙe da amsar, kuma bazuwarta tana iya zama marar iyaka. Hanyar gada ta Meng da Wong, ta 1996, ita ce brms ke amfani da ita ta manhajar bridgesampling. Tana bukatar ki ajiye dukkan faramita da save_pars(all = TRUE), tana kuma bukatar ɗiba da yawa, kamar ninki goma na abin da ya isa ƙiyasi. Idan 4,000 sun ishe ki ƙiyasi, ki nemi 40,000. Ki maimaita lissafin sau biyar, in amsar tana tsalle, ɗibar ba ta isa ba. Mai rubuta Stan, harshen da brms ke gudana a kansa, da hannunsa ya yi amfani da target += da cikakken lpdf, domin alamar ~ tana zubar da lambobin da ba sa canzawa, waɗanda ƙiyasi bai damu da su ba amma hujja ta damu. Da yake B yana cikin C, kina da gajeriyar hanya ta Savage da Dickey: tsayin zaton ƙarshe, wato zaton bayan ganin bayanai, a kan 0 a raba da tsayin zaton farko a kan 0, abin da ya fito shi ne ma'aunin B a kan C. Aikin hypothesis a brms yana yin wannan idan kin sa sample_prior = "yes". Amsoshin biyu su zo kusa da juna.

Na biyar, kuma wannan ya fi duk sauran muhimmanci a wurina: wanda ya fi a cikin uku ba lallai ya zama mai kyau ba. Ki sa C ya ƙirƙiro bayanai na kwaikwayo sau 1,000, kowanne mutum 420, ki ƙirga masu sifili a kowanne, ki duba adadi mafi girma, ki kwatanta da na gaske. Idan masu sifili na gaske sun fi abin da kusan duk kwaikwayon ya bayar, akwai mutanen da ba sa zuwa asibiti ko da me, kuma kina bukatar tsari mai hawa biyu, ɗaya na ko mutum zai je, ɗaya na sau nawa. Wannan gyara yana iya kawo ratar da ta fi 3.5 nesa, ya kuma canza ƙiyasin shan taban kansa.

Wanne za ki ɗauka

Tsarin A ki ajiye shi, hanyoyin biyu sun yarda. Tsakanin B da C, shawarata ki riƙe C, ki sa zaton farko mai ma'ana, ki ba da rahoton tasirin da tazararsa: ƙarin kusan kashi 35 cikin 100, tsakanin kashi 11 da kashi 64. Dalilina ba don LOO ya ɗan karkata gare shi ba ne. Tsarin B yana cewa tasirin shan taba sifili ne cif, kuma da wuya a samu mai ilimin lafiya da ya ɗauki wannan da gaske. Ma'aunin Bayes ya fi amfani inda sifilin abu ne da zai iya zama gaskiya, kamar ko wata ƙwayar gado tana da alaƙa da wata cuta ko babu, ko wata sigina tana cikin hayaniyar na'ura ko babu. Inda kowa ya san akwai tasiri, tambayar ita ce nawa ne, kuma zaton ƙarshe na C ya riga ya amsa ta. Zaɓen B zai sa ki rubuta sifili ba tare da wata shakka ba a wurin da bayananki suka ce 0.30.

Akwai masu ganin ba haka ba, musamman a ilimin halayyar ɗan Adam, inda ake son hanyar da za ta iya ba da hujjar rashin tasiri, abin da ƙimar p ba ta iyawa. Suna da gaskiya a kan wannan, kuma idan mai duba aikinki yana cikinsu, ki kawo ma'aunin da faɗi 0.25, 0.5 da 1, ki bayyana dalilin kowanne. Abin da ba zan yarda ki kawo ba shi ne 11 ɗin nan a matsayin hujjar cewa shan taba ba shi da tasiri.

Idan hasashe kawai ake so, ba dole ne a zaɓi ɗaya ba. Ana iya haɗa tsare-tsare da nauyin yiwuwarsu, sai dai wannan ya gaji duk larurar zaton farko, yana kuma ɗauka tsarin gaskiya yana cikin jerin, ta yadda idan bayanai suka yi yawa nauyin duka zai koma kan guda. Hanyar jerawa da Yuling Yao da abokan aikinsa suka kawo a 2018 tana neman nauyin da zai ba da mafi kyawun hasashen cire ɗaya ne, kuma loo_model_weights yana yin ta. A naki ribar kaɗan ce, tunda C ya riga ya ƙunshi B. Ranar da kika samu abubuwa 15 maimakon uku, kada ki bi haɗe-haɗensu 32,768 kina neman mai elpd mafi girma, domin wanda zai fito kan gaba sa'a ce za ta ɗaga shi, kuma ratarsa za ta zama ƙari a kan gaskiya. A sa su duka a tsari ɗaya da zaton farko mai matse ƙananan tasirai zuwa sifili, irin na kofaton doki, in ana son ƙaramin tsari daga baya a fitar da shi da projpred.

Lissafin da na yi miki da hannu ya dogara ne a kan alƙaluman da kika aiko da kuma kusancen Gauss, don haka naki zai iya bambanta kaɗan idan kin sake gudanarwa. Akwai kuma iyakar da babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke tsallakewa. Idan kundinki yana son ya ce shan taba ne ke jawo ƙarin zuwa asibiti, ba ma'aunin Bayes ko LOO ne zai gaya miki abin da za ki sa a tsarin ba. Abin da ke shafar shan taba da zuwa asibiti a lokaci guda, kamar shekaru ko ƙarfin samu, dole ya shiga ko da ya rage elpd. Abin da shan taban ne ke haifar da shi, kamar ciwon huhu, idan kika sa shi zai gyara hasashe sosai, LOO zai yaba masa, amma zai haɗiye wani ɓangare na tasirin da kike son aunawa. Akwai kuma waɗanda suka daina shan taba saboda rashin lafiya, waɗanda idan aka lissafa su cikin marasa sha za su ɗaga matsakaicin wancan rukunin, tasirin ya fito ƙasa da yadda yake. Ki duba yadda aka yi tambayar a takardar tattara bayanan, in akwai rukunin tsofaffin masu sha, ki ware su daban kafin ki sake gudanar da C.